Albashi ya sayi rana, kada ya haɗa da dare

Ranar Asabar bayan La'asar ƙanin matata ya same ni a gida, nan Agege, da takardar ɗaukar aiki mai shafi goma sha ɗaya a hannu. Shekara huɗu ya yi a wani ɗan kamfanin haɗa gem na waya a Yaba, har kamfanin ya mutu irin mutuwar da suka saba: albashi ya koma rabi, aka daina tayar da janareta, daga baya aka ce kowa ya zauna gida sai an neme shi. Wata takwas ke nan yana haɗa nasa gem ɗin, na dambe, da Kudu da Arewa da Guramada, har da makaɗin da ke zuga ɗan dambe kafin a shiga turmi. Yanzu wani kamfanin hada-hadar kuɗi ta intanet a Victoria Island ya kira shi, da albashin da ya ninka na da har uku.

Ya ce, "Yaya, in na sa hannu na binne damben nan. In na ƙi kuma, da wane ido zan kalli Hajiya?"

Na ce ya karɓi aikin, amma kada alƙalaminsa ya taɓa takardar sai an gyara shafi na tara.

Abokansa na Yaba suna ta ba shi labarin Eric Barone, Ba'amurken da ya kwashe shekara huɗu da rabi shi kaɗai yana haɗa gem ɗin Stardew Valley, ya fitar a 2016, aka sayi miliyoyi. Gaskiya ne. Abin da suke tsallakewa shi ne, a tsawon shekarun nan yana ɗan aikin nuna wa 'yan kallo kujera a gidan wasa, kuma abokiyar zamansa ce ke ɗauke da yawancin nauyin gida. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. A Legas mai gida kuɗin shekara yake so a dunƙule, ga na dillali a kai. A Afrilun 2024 aka kai wutar 'yan rukunin A naira 225 kowane yunit. Dalar da gwamnati ke bayarwa a kan naira 460 da ɗoriya kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 cikin shekara guda, alhali kayan wannan sana'a da dala ake biyansu: Apple na karɓar dala 99 duk shekara daga mai son saka gem a kasuwarta, Steam, kasuwar gem na kwamfuta, na karɓar dala 100 a kan kowane gem, sannan ya yanki kashi 30 cikin ɗari na ciniki. Mu kuwa masu bugawa, wa ya taɓa ganin mun sayi gem? Na kyauta muke saukewa, talla ta fito mu kashe data.

To amma dattawanmu da ke cewa aikin babban kamfani inuwa ce, su ma ban bi su ba. Microsoft ta kammala sayen kamfanin gem na Activision Blizzard a Oktoban 2023 a kan kusan dala biliyan 69, wata uku bayan nan ta sallami mutum 1,900 daga sashen gem. A watan Mayun 2024 ta sanar da rufe Tango Gameworks, kamfanin gem ɗinta da ke Japan, makonni kaɗan bayan gem ɗinsu Hi-Fi Rush ya ci lambar yabo ta BAFTA. Wato ko ka yi aiki ya yi kyau, ba shi ke hana a kashe maka fitila ba. Kuma kada a ce can ne: a shekarar dai Microsoft ta rufe cibiyar injiniyoyinta da ke Ikoyi. Abin da ke bin ma'aikaci in an kore shi bai wuce asusun fanshonsa ba, kashi 8 daga albashinsa, kashi 10 daga kamfani.

Ni a wurina albashi jari ne, kuma Bahaushen Agege bai kamata a koya masa wannan ba. Kakanninmu da fataucin goro ya zaunar da su a nan sun san tsarin: yaro ya yi wa maigida hidima shekaru, ya koyi ciniki, ya san mutane, ranar sallama a ba shi abin da zai tsaya da ƙafarsa. Bambancin kawai, kamfani ba ya sallama da jari. Kai za ka riƙa yankar wa kanka duk ƙarshen wata, ka ajiye inda hannu ba ya kaiwa.

Nan ne shafi na tara ya shigo. An rubuta cewa duk abin da ma'aikaci ya ƙirƙira muddin yana tare da su, a ofis ko a ɗakinsa, na kamfani ne. Yaranmu na tsallake irin wannan layi saboda idonsu na kan adadin albashi. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta ce haƙƙi na wanda ya ƙirƙira ne tun farko, sai in yarjejeniya ta ce ba haka ba, to ga yarjejeniyar a gabansa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, na yarda, amma ladan rana aka ba shi. Me ya haɗa kamfanin tura kuɗi da ɗan damben da aka zana ƙarfe ɗaya na dare a Agege? Na ce ya je wurin lauya, ya rubuta sunan gem ɗin a takarda daban a matsayin aikin da ya riga zuwansa, a liƙa ta a jikin yarjejeniyar, kuma kada ya kuskura ya buɗe shi a kwamfutar ofis ko da sau ɗaya.

Ba na ruɗin kaina. Ko an gyara shafin, hanya kaɗai ta isa ta cinye daren. Wanda zai bar Agege bayan Asuba, ya bi Oshodi, ya hau gadar Third Mainland, ya dawo bayan Isha'i, da wace ƙwaƙwalwa zai zauna gaban kwamfuta? Asabar kuma ta biki ce da suna. Na san waɗanda suka ce shekara biyu kacal za su yi, yau suna biyan kuɗin makarantar yara uku. Yana iya zama ɗaya daga cikinsu.

Abin da ya sa nake damuwa ya wuce ɗan'uwantaka. Kamfanin Maliyo da Hugo Obi ya kafa a Legas a 2012 yana da gem mai suna Aboki Run, kuma a 2024 har da Disney suka yi aiki tare. Ban ga laifinsu ba, zama suka yi suka yi aiki. Amma in ɗan gida bai haɗa dambe ba, wani zai haɗa, wanda bai san me ake nufi da kisa a fili ba, bai taɓa jin kirari ya tayar masa da tsikar jiki ba, sannan mu taru a majalisa muna ƙorafin an sake zana mu da buta da rediyo.

Ranar Litinin ya aika musu da takardar, shafi ɗaya, da sunan gem ɗin da ranar da ya fara shi. Har yau Alhamis ba su ba da amsa ba. Hajiya kuwa tuni ta sanar da maƙwabta cewa autanta ya samu aikin banki.