Filin golf da bai kai shekara biyu ba, ta yaya ya zama na ɗaya?

Ni ban gamsu da jerin filayen golf mafi kyau da wani labari ya kawo ba, musamman yadda labarin ya ɗora filin golf ɗin da aka buɗe bara a kan gaba. Ciyawar sabon fili, musamman wadda ke zagaye da rami, tana ɗaukar shekaru kafin saiwarta ta kama ƙasa sosai, kuma sai damina da rani sun bi ta kanta sau da yawa ake gane ko magudanan ruwan suna aiki. Masu ba da maki kuwa galibi sau ɗaya suke zagaya ramuka 18 ɗin, cikin ɗokin sabon abu, a ranar da masu filin suka gyara komai tsaf. Ku dubi Augusta National a Amurka: bayan gasar Masters ta farko a 1934 sai da aka musanya ramuka tara na farko da tara na ƙarshe, kuma har yau ana yi masa gyare-gyare. Wanda ya yi sharhi kan labarin ya ce hotuna sun isa shaida, malam, hoto ba ya nuna yadda iska ke karkatar da ƙwallo. Abin da ya fi damuna shi ne haɗa filin bakin teku mai yashi irin na St Andrews a Scotland da filin cikin bishiyoyi a ma'auni guda. Da wane awo aka yi wannan, kuma nawa ne cikin filayen nan ɗan wasan da ba memba ba zai iya shiga ya buga?