Likitar da ta ƙi barin Gulu

Kwana biyu ke nan labarin Dakta Lucille Teasdale ya ƙi fita daga raina. 'Yar Kanada ce, an haife ta a Montreal a 1929, ta zama likitar tiyata a zamanin da mata masu wannan aiki ana ƙirga su da yatsu. A 1961 ta bi wani likita ɗan Italiya, Piero Corti, zuwa Lacor, ƙaramin asibitin mishan na Katolika da ke gefen Gulu a arewacin Yuganda. Niyyarta 'yan watanni ne. Can suka yi aure, can ta ƙarar da shekara 35.

Na san abin da wasu za su rubuto: ai yaɗa addininsu suka zo yi. Ni Musulmi ne, kuma ba na musun cewa imaninta na cikin abin da ya riƙe ta. Amma don Allah ku dubi abin da ta tarar. Idi Amin ya ƙwace mulki a 1971, baƙi suka yi ta tattara kayansu, ita da mijinta suka zauna. A yaƙin 1979 da ya kawar da Amin, sojoji suka wawushe asibitin. Daga baya kuma tawaye ya mamaye ƙasar Acholi, yankin da Gulu take, har zuwa ta'asar mutanen madugun 'yan tawaye Joseph Kony. Duk wanda harsashi ya samu, soja ne ko ɗan tawaye ko manomi, teburinta ake kai shi. Ta yi tiyata fiye da 13,000.

Abin da ya fi taɓa ni ba adadin ba ne, 'yarsu ce. Ita kaɗai Allah ya ba su, kuma da ƙasa ta rikice, tana ƙarama suka tura ta Italiya. Uwa ta rabu da 'yarta tilo don ta tsaya kan 'ya'yan wasu. Na daɗe ina juya wannan, wallahi da ƙanwata ce da na ce ta ɗauki yarinyar su taho gida. Sai dai a daren da aka kawo mai naƙuda jini na zuba, ko yaron da harsashi ya fasa wa ciki, wa zai buɗe ɗakin tiyata? Duk hanyar da ta bi akwai wanda zai yi kuka, ta kuma zaɓa da idonta buɗe. Shi ya sa nake jin ciwo idan aka taƙaita rayuwar irin waɗannan mata da kalmar "jaruma", kamar abin bai ci musu rai ba.

Wajen ciro harsashi daga jikin sojoji, tsagin ƙashi kan yanke ta ta cikin safar hannu. Ta nan ake ganin ta kamu da cutar ƙanjamau, aka tabbatar mata a 1985. Ta ci gaba da duba marasa lafiya kusan shekara 11 jiki na ramewa, har ta rasu a Italiya ranar 1 ga Agusta, 1996.

Likitan da ita da mijinta suka horar, Matthew Lukwiya, ɗan Yuganda ne. Shi ma bai gudu ba da Ebola ta ɓarke a Gulu, ita ta kashe shi a Disamban 2000. Gawar Lucille kuwa an mayar da ita Yuganda, kabarinta na cikin harabar asibitin Lacor.