Ku bar mana fuskokin mutane yadda suke

Wallahi raina ya ɓaci daren jiya. Faifan wani tsohon fim da na daɗe ina jira, wanda aka ce an gyara hotonsa, ya iso, na kashe fitila, na gyara zama, na saka. Ko minti goma ban yi ba na tsayar da shi. Wannan ba gyara ba ne, ɓarna ce tsagwaronta. Dattijon ɗan wasan da na san fuskarsa tun ina yaro, mai layi uku a goshi, gumi na bin gefen hancinsa, sai ga shi sumul kamar an ƙera shi da kakin zuma. Ko saƙar rigarsa ba ka gani. A bayan kwali kuma an rubuta wai an tsabtace hoto.

Me aka tsabtace? Tsaki-tsakin nan da ke motsi a hoton tsohon fim ba datti ba ne. Zaren da aka ɗauki fim ɗin da shi shafe yake da ƙananan ƙwayoyin sinadarin azurfa, su ke kama haske, da su hoton ya ginu. Manhajar da ake sawa ta goge su ba ta san bambancin tsaki da ƙofar gashi ko furfurar gemu ba, duk tare take sharewa. In an ga hoton ya yi laushi kuma sai a ƙara masa kaifi na ƙarya, har wani farin layi ya kewaye kan mutum da kafaɗunsa. Garin neman gira an rasa ido.

Abin da ya fi ƙona min rai, ba yau aka fara ba. Fim ɗin Patton na 1970 ya fito a Blu-ray, wato faifan fim mai kaifin hoto, a 2008, fuskar jaruminsa George C. Scott kamar ta 'yar tsana. Mutane suka yi ta ƙorafi, a 2012 aka sake fitar da shi da tsakinsa. Predator na 1987 ma haka aka yi masa a 2010, mutum na cikin daji yana fama amma fatarsa na sheƙi kamar roba. Sai ka ce an ɗauki darasi, ina! A 2024 Aliens da True Lies suka fito a faifan 4K, wanda ya fi Blu-ray kaifin hoto, aka dawo da zancen nan dai, wannan karon har da ƙirƙirarriyar basira a cikin aikin.

Na san masu cewa ai darakta ya amince. To sai me? Darakta William Friedkin da kansa ya sauya launin fim ɗinsa The French Connection a faifan 2009. Owen Roizman, wanda ya ɗauki hoton fim ɗin a 1971, ya fito fili ya ce bai yarda ba, kuma a 2012 aka gyara. Darakta ma mutum ne, yana kuskure. Masu cewa jama'a sun fi son hoto mai santsi kuwa, finafinan bana suna nan birjik, su je su kalla. Ban ce kada a cire ƙura da ƙarzuwa ba, waɗannan daga baya suka hau zaren. Tsakin kuwa da shi aka haifi hoton. Ku bar shi.

Don Allah ku duba, da yawa cikin mutanen nan sun rasu. Abin da ya rage mana daga gare su shi ne fuskar nan, da yadda leɓe ke rawa kafin hawaye ya zubo. Ɗan da zai fara kallon fim ɗin gobe, wannan faifan zai samu, ya ɗauka haka suke. Wannan ne ya hana ni barci.

Af, tunda na taɓo zancen, ku leƙa saitin talabijin ɗinku. Akwai abin da ke ƙirƙiro hotuna yana cusawa tsakanin 24 ɗin da fim ke nunawa a kowace daƙiƙa, wai don motsi ya yi santsi. Tom Cruise har bidiyo ya yi a 2018 yana roƙon a kashe shi. Kowane kamfani da sunan da ya laƙaba masa, a na LG ku nemi TruMotion, a na Sony kuma Motionflow.