Kudalasangama: ba ginin ba ne cibiyar ibadar 'yan Lingayat

Mutane da yawa idan suka ga cunkoson maziyarta a Kudalasangama, a gundumar Bagalkot ta jihar Karnataka a Indiya, sai su ɗauka cewa addinin 'yan Lingayat, wata al'umma mai bautar Shiba (ɗaya daga cikin manyan allolin Hindu), ya dogara ne ga wurin bautar da ke bakin kogi. Wannan fahimta ta saɓa wa koyarwar mutumin da ake zuwa dominsa, wato Basavanna.

Basavanna, wanda ya rayu a ƙarni na 12 kuma ya yi wa sarki Bijjala waziri a Kalyana, ya koyar da cewa jikin mutum shi ne ɗakin bauta. Shi ya sa kowane mabiyi, namiji ko mace, yake rataye da ɗan ƙaramin dutse mai suna ishtalinga, alamar Shiba, yana ɗora shi a tafin hannun hagu ya yi ibadarsa ba tare da wani limami ba. Ya kuma ƙi rarraba mutane bisa asalin haihuwa, abin da ya jawo masa fitina ba ƙarama ba.

To me ke kai mabiyansa Kudalasangama? A nan kogin Krishna da na Malaprabha suka haɗu, a nan Basavanna ya yi karatu yana matashi, nan kuma ya ƙare rayuwarsa. Makwancinsa, Aikya Mantapa, yana cikin ruwa a yanzu, an kewaye shi da katanga mai kama da rijiya. Sai ka haye gada, ka sauka ta matakala kafin ka isa.

Tsohon ɗakin bautar Sangameshwara, wato Shiba, yana gefe, mabiya Hindu na wasu ɗariƙu ma suna shigarsa.