Kafin ku sayi zaɓi a kan takardun bashin gwamnati, ku lissafa kuɗin fita

'Yan'uwa matasa masu sha'awar wannan kasuwa, da yawanku kun zo ne da tunanin cewa takardar bashin gwamnatin Amurka ba ta da haɗari, don haka duk abin da aka gina a kanta ma lafiya lau ne. Wannan kallon kitse ne ake yi wa rogo. Takardar daban, kwantiragin gaba da ake ƙullawa a kanta (alkawarin saye ko sayar da ita nan gaba a kan farashin da aka tsayar yau) daban, zaɓin da ake saye a kan kwantiragin kuma, wato haƙƙin saye ko sayar da shi a kan wani tsayayyen farashi kafin wata rana, wani abu ne na uku. Na ukun nan yana iya cinye jarin mutum cikin awa guda.

Kwantiragin takardar shekara 10 a kasuwar CBOT ta Shikago, mai lamba ZN, yana wakiltar dala 100,000, kuma maki ɗaya cikakke dala 1,000 ne. Ana rubuta farashin kwantiragin da kashi 32, amma na zaɓi da kashi 64. A nan sababbi ke fara tuntuɓe: 110'16 a kwantiragi yana nufin 110 da rabi, alhali 0'16 a zaɓi rubu'in maki ne, dala 250. Taku ɗaya na zaɓin, wato 1 cikin 64, dala 15.625 ne. Wanda bai haddace wannan ba, bai isa ya danna maɓallin saye ba tukuna.

Ku kuma kula da sunan wata, yana ruɗin mutane. Zaɓin da aka kira na Maris a ƙarshen Fabrairu yake ƙarewa, ranar wata Juma'a. Idan ya ƙare da riba, ba kuɗi za a zuba muku ba, kwantiragin ne da kansa zai faɗo hannunku, tare da kuɗin jinginar da dillali zai nema nan take. A kasuwar Eurex ta Turai kuma, zaɓin takardar Jamus mai suna Bund takunsa 0.01 ne, Yuro 10, kuma ba a cire kuɗin zaɓin gaba ɗaya ranar saye, kullum ake daidaita riba da asara a asusunku. Kada ku ɗauki ƙa'idar wata kasuwa ku kai wata.

Abin da ya fi cin mutane shi ne tazarar da ke tsakanin farashin tayi da farashin sallama. A zaɓin ZN na kusa da farashin yau, wanda ya kusa ƙarewa, lokacin da 'yan kasuwar Amurka ke kan kujerunsu, tazarar sau da yawa taku ɗaya ce. Ku matsa zuwa farashi mai nisa, ko wata mai nisa, ko tsakar dare a can, sai ku ga ta buɗe baki. Adadin da kuke gani a allo kuma ba alkawari ba ne. Masu ajiye tayin nan na'urori ne, suna janye shi cikin ƙiftawar ido da zarar sun ji ƙamshin labari.

Bari mu yi lissafi da misali. A ce kwantiragin yana 110, kuna tsammanin zai hau. Kun sayi zaɓin saye na 110 a kan taku 48, dala 750, kun sayar da na 111 a kan taku 24, dala 375. Abin da ya fita daga aljihunku dala 375 ne, kuma shi ne iyakar asararku idan kun kiyaye ƙafafun biyu, wato zaɓin da kuka saya da wanda kuka sayar, tare. Iyakar riba 625, in farashi ya wuce 111 ranar ƙarewa. Uwar kuɗi ba ta dawowa sai ya kai 110 da 24 cikin 64. Haɗi ne mai hankali, ya fi sayen zaɓi tsirara, domin ƙafar da kuka sayar tana rage muku abin da lokaci ke lasa daga darajar zaɓi kullum. To amma ku ƙara kuɗin hanya. Idan tazara taku ɗaya ce a kowace ƙafa, shiga da fita za su ci dala 31.25. Idan taku uku ce, za su ci 93.75, wato rubu'in jarinku cif, tun farashi bai motsa ko'ina ba, kuma ba a sa la'adar dillali a kai ba. Mai yin haka sau goma a wata yana yi wa wasu aiki ne.

Maganinsa ba ɓoyayye ba ne. Ku aika ƙafafun biyu a oda ɗaya, da farashi ɗaya na jimilla, kasuwar ta tanadi wannan. Ku sa iyakar farashi, ku fara daga tsakiyar tayi da sallama, ku jira, in bai shiga ba ku ƙara taku ɗaya. Odar "ko nawa ne a ba ni" ba ta da wuri a zaɓi. Masu wayon shigar da ƙafa ɗaya su jira ta biyu don su tsira da taku guda, su ne kan wayi gari da ƙafa ɗaya tsirara kasuwa ta gudu ta bar su. Kafin komai ku duba yawan kwantiragin da ke buɗe a wannan farashin da cinikin da aka yi a ranar. Inda babu kowa, shiga ba wuya, mai saye daga hannunku ne ba za ku samu ba.

Ranakun labari kuma a san su tun farkon wata: rahoton ayyukan yi da na hauhawar farashi suna fita ƙarfe 8:30 na safe agogon Niyok, babban bankin Amurka yana zama sau takwas a shekara, sanarwarsa ƙarfe 2 na rana. Kafin waɗannan lokuta zaɓi kan yi tsada saboda ana jiran girgiza, da labari ya fito tsadar ta sace. Shi ya sa mutum kan canki inda kasuwa za ta nufa daidai, ya kuma yi asara.

Masu sayar da zaɓi don su karɓi 'yan takun nan kullum, ku ne kuka fi ba ni tsoro. Ranar 15 ga Oktoba 2014, ribar takardar shekara 10, wato ruwan da take ba mai riƙe da ita, ta faɗi ta kuma dawo cikin kusan minti 12 ba tare da wani labari ba. A Maris 2020 kasuwar takardun kanta ta bushe sai da babban banki ya shiga saye. Ranar 13 ga Maris 2023, bayan rushewar bankin Silicon Valley, ribar takardar shekara 2 ta sauka fiye da rabin kashi ɗaya cikin ɗari a wuni ɗaya. Idan ribar takarda ta sauka farashinta hawa yake, kuma wanda ya sayar da zaɓin saye ba tare da ƙafar kariya ba babu rufi a kan asararsa. Haɗin nan na sayi ɗaya sayar da biyu, da ake yi wa talla cewa kyauta ne, ƙafarsa ta uku tsirara take.

Sai ranar ƙarewa. A misalinmu, idan farashi ya tsaya a 110 da rabi, ƙafar da kuka saya za ta zama kwantiragi, wadda kuka sayar ta mutu, ku kwana Asabar da Lahadi da dala 100,000 a wuyanku babu kariya. Idan ya tsaya dab da 111, ba ku ma san ko wanda ya saya daga gare ku zai yi amfani da haƙƙinsa ba. Ku rufe ƙafafun biyu da oda ɗaya tun ranar Alhamis, ko da safiyar Juma'a kafin tazara ta buɗe, ko da hakan zai sa ku bar taku biyu ko uku na riba a baya.