Sai fure ya zama magani kafin mu kalle shi?

Jama'a, akwai tambayar da ta ishe ni. Duk sa'ar da na tsuguna a bakin hanya ina ɗaukar hoton wani fure, sai wani ya tsaya a kaina ya ce, "Malam, maganin mene ne?" In na ce kallo kawai nake yi, sai ya kaɗa kai ya wuce.

Abin nan yana damuna ƙwarai. Mun mai da daji kamar shagon magani ko rumbun kayan miya, abin da ba ya shiga tukunya kuwa duk sunansa ciyawa.

Ku ɗauki tumfafiya. Kowa ya san a kiyaye ido da nononta, amma mutum nawa suka taɓa sunkuyawa suka duba furenta? Ɓangare biyar gare shi, fari ne, bakin kowanne kamar an tsoma a shuni, ga wani ɗan rawani zaune a tsakiya. A kan bola take fitowa, da rani tsaka, babu mai ba ta ruwa. Wallahi ranar da na fara lura da shi na jima ban tashi ba. Furen kuka kuma sai magariba yake buɗewa, fari tas, yana reto a dogon sili, jemagu su kwana suna shan zaƙinsa, washegari ya yanƙwane. Ko ƙuduji da ke cinye mana dawa, na san abokin gaba ne, amma ba zan ce furensa ba shi da kyau ba.

Ina amfani da PlantNet, manhajar waya mai gane tsiro daga hotonsa, tana taimakawa. Sai dai ran nan na nuna mata wani tsiro ta ce min sunansa na kimiyya Ipomoea asarifolia, wata tsohuwa mai kiwo kuma ta leƙo ta ce, "Ɗan nan, ai duman kada ne, kar ka bari akuya ta cika cinsa." Nata bayanin ya fi zauna min. Tun 1916 Bature Dalziel ya tattara sunayen tsirranmu na Hausa ya buga littafi, mu masu abin kuwa yaranmu ba sa bambance tafasa da rai-ɗore.

Asabar in Allah Ya kai mu zan yi sammako zuwa tafki da yarana biyu, domin farin bado da dare yake buɗewa, hantsi na ɗagawa ya rufe.