Ambaliya a ƙasashen da ake yaƙi: hoton sama kaɗai bai isa ba

A daren 10 ga Satumba 2023, guguwar Daniel ta sauke ruwa kamar da bakin ƙwarya a gabashin Libiya, har madatsun ruwa biyu da ke saman birnin Darna suka ɓalle. Mutum sama da 4,000 suka rasu, wasu dubbai suka ɓata. Cikin 'yan kwanaki cibiyar UNOSAT ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da taswirar ɓarnar daga hotunan tauraron ɗan Adam, gada bayan gada, unguwa bayan unguwa.

Wannan aiki ne mai daraja, ba na musun haka. Inda ake ɓarin wuta, ma'aunin ruwan sama yakan lalace, ma'aikatan hasashen yanayi su watse, babu mai iya zuwa ya duba. Tauraron Sentinel-1 na Turai kuwa da na'urar rada yake aiki, gajimare ko duhun dare ba sa tare masa gani. Ruwan da ya kwanta baƙi ƙirin yake fitowa a hoton, sai a gane iyakar inda ya ci.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne lissafin mutanen. Ana ɗora taswirar ruwa a kan ta yawan jama'a domin a san su wa ke cikin haɗari, alhali ƙidayar ƙarshe a Yaman ta 2004 ce, ta Libiya kuma 2006. Yaƙi ya riga ya kwashe mutane daga inda takarda ta ce suna nan, ya jibge su a kwari da bakin teku, filin da kowa ya ƙi. Haka guguwar Mocha ta tarar da 'yan Rohingya a sansanonin Sittwe na Myanmar a Mayun 2023. Ga kuma ruwan kwazazzabo mai wucewa cikin sa'o'i, tauraron kuwa sai bayan kwanaki yake sake bi ta kan wuri.

Don haka masu ba da kuɗin wannan aiki na taswira su ware kaso ga 'yan agajin da ke ƙasa, irin su Red Crescent, waɗanda suka san tantin da aka kafa jiya. A kuma miƙa musu taswirar tun kafin hadari ya haɗo, cikin harshensu. A Darna, wani malamin jami'a ɗan ƙasar ya yi gargaɗi a rubuce kan madatsun tun 2022, amma Libiya, da yaƙi ya raba ta tsakanin gwamnati biyu, ba ta samu wanda zai gyara su ba.